Ƙaramin akwatin gem irin na da: allon inci 7 zai wadatar ko in ƙara girma?

Abban Sadiq: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina so in haɗa akwatin gem irin na tsaye ɗin nan da ake jefa wa tsaba a da, amma ƙarami, wanda za a ɗora kan tebur. Abin da ke hannuna yanzu: 'yar ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi 3 samfurin B, allon inci 7 mai HDMI, memori 32GB, da sifiku biyu da na ciro daga wata tsohuwar rediyo. So nake tsawonsa kada ya wuce santimita 30, faɗi kamar 18, ya fito sak irin na asali amma ɗan mitsitsi. Yara Pac-Man da Galaga nake so su sani, ni kuma Street Fighter II da Metal Slug, in da hali ma mutum biyu su buga tare. Kafin in kai wa kafinta zane, me kuka gani?

Sarkin Gem: Wa alaikumus salam. Yaya, mutum biyu a faɗin santimita 18? Sai dai in ɗayan da yatsun ƙafa zai buga 😂

Injiniya: Wa alaikumus salam. Abban Sadiq, ka faro daga girman akwati, alhali wasannin ne ya kamata su faɗa maka girmansa. Ɗauki Street Fighter II. Capcom ta fitar da shi a 1991 da maɓallai shida ga kowane ɗan wasa, uku na naushi a sama, uku na shuri a ƙasa. Maɓallin Japan irin na kamfanin Sanwa ramin milimita 30 yake shiga. Jera uku da 'yar tazara a tsakani, ka cinye kusan santimita 11. Sanda ma tana son nata wurin, ga kuma inda tsintsiyar hannu za ta kwanta. Mutum ɗaya tak, in ba ka ba shi santimita 28 zuwa 30 ba, hannuwansa za su riƙa karo da juna. Mutum biyu kuwa sai ka haura rabin mita. Akwati kana iya matse shi yadda ka ga dama, amma hannun mutum ba ya ƙanƙancewa.

Sai allon. Wannan na inci 7 mai faɗi ne, fuskarsa kamar santimita 15 da rabi a kwance, 8 da rabi a tsaye. Tsofaffin wasannin nan a tsarin 4:3 aka yi su, wato faɗi 4 tsayi 3, saboda haka Street Fighter zai zauna a tsakiya da baƙin fili hagu da dama, hoton bai kai inci 6 ba. Pac-Man da Galaga kuwa allonsu a tsaye yake tun asali, Namco ta juya talabijin ɗin ne a cikin akwati. In ka sa su a naka allon yana kwance, faɗin hoton bai wuce santimita 6 da rabi ba. Yaro zai manna ido ne yana neman fatalwoyin da ke bin Pac-Man.

Ɗan Maraɗi: Ina kwananku. Injiniya, ban yarda da kai duka ba. Mutumin nan ya ce ƙarami yake so, kai kuma kana tura shi ga babba. Nawa da na haɗa bai kai nasa girma ba ma: ƙaramin samfurin Pi, Zero 2 W, a ciki, allon inci 5 na juya shi tsaye, sanda ƙarama da maɓallai biyu na milimita 24. Pac-Man ba ya buƙatar maɓalli ko ɗaya in ban da na farawa. Galaga ɗaya, Donkey Kong ɗaya, Space Invaders ɗaya. Duk wasannin 1978 zuwa 1982 suna tafiya sumul. Kuma duk baƙon da ya shigo ɗakina shi yake fara ɗauka yana jujjuyawa. Daɗin abin ai ƙanƙantar ce.

Injiniya: Ai maganata ka ƙarfafa, ɗan uwa. Kai ka zaɓi wasanninka tukuna, ka ce na tsaye masu maɓalli ɗaya, sannan akwatin ya fito daidai da su. Shi kuwa ya haɗa Pac-Man da Street Fighter da mutum biyu da santimita 18 a lissafi guda. Dole ɗaya ta faɗi.

Ɗan Maraɗi: To a nan mun daidaita. Amma in ni ne, Street Fighter ɗin zan bari. Ana buga shi a waya, ana buga shi a kwamfuta.

Sarkin Gem: Haba Malam! A waya? Ka taɓa ƙoƙarin fitar da shoryuken a kan gilashin waya? Gaba, ƙasa, ƙasa-gaba, naushi, cikin ƙiftawar ido. Wasan nan don sanda aka yi shi. In akwai wanda ya cancanci akwati a cikin jerin nan shi ne. Pac-Man ko a kalkuleta ka buga.

Baba Mai Rediyo: Yaro, kada ka raina Pac-Man. Ya fito 1980, ya girme ka nesa ba kusa ba, kuma har yau ana buga shi. Sannan akwai abin da ku duka ba ku taɓo ba. Sandar Pac-Man fuska huɗu take zuwa: sama, ƙasa, hagu, dama. Ta Street Fighter takwas, har da kusurwoyi. In ka buga Pac-Man da mai takwas, duk lokacin da hannunka ya ɗan karkata, makunnai biyu ne za su danne a lokaci guda, wasan kuma bai san wannan ba, sai ka ga ka ce ya kwana ya ƙi kwana, ya miƙe cikin bakin fatalwa. Yara za su ce akwatin ne ba shi da kyau. Donkey Kong ma haka, sai ya maƙale maka a tsani.

Abban Sadiq: Baba, ranka ya daɗe, to ke nan sanduna biyu zan sa?

Baba Mai Rediyo: A'a. Sandar Sanwa da ake kira JLF tana da farantin roba a ƙasanta mai rami murabba'i. Tsakiyar farantin yana juyawa. In ka juya shi ramin ya koma tsaye kan kusurwa, ta zama mai huɗu, in ka mayar ta koma mai takwas. Masu kwaikwayonta ma da yawa sun kwafi wannan. Matsalar ita ce sai ka buɗe ƙasan kafin ka kai gare shi. Don haka ka gaya wa kafintanka ya yi allon maɓallan da hinji, ko ya bar ƙofa a ƙasa. Kada ya manne da gam ya rufe ruf.

Ɗan Kafinta: An zo wurina. Abban Sadiq, kada ka kai wa kowa zane tukuna. Ka sayi sandar da maɓallan da allon su zo hannu, ka yanka kwali, ka huda, ka jera su, ka zauna ka yi kamar kana bugawa. In kwalin ya yi daidai, shi za a ɗora kan katako a zana. Yanka katako kafin kaya su iso kamar ɗinka wa yaro kayan sallah ne ba a auna shi ba.

Game da katako: yawancin waɗanda za ka gani a bidiyo MDF, wato garin katako da aka matse ya zama allo, suke amfani da shi don yana yankuwa lafiya kuma yana karɓar fenti. Amma in ya sha laima kumbura yake, gefensa ya buɗe, kuma ba ya komawa. Sukuru ma ba ya riƙe shi sosai ta gefe. Ni filawud na milimita 12 nake ba da shawara ga akwati wannan girman, 18 ya yi nauyi a banza. In dole sai MDF, a shafe gefuna da gam da aka sirka da ruwa, a bari ya bushe, a goge da samfefa kafin fenti. Kuma a sa abin rufe hanci lokacin yanka, ƙurarsa ba ta da kyau ga ƙirji.

Wani abu da ke kama mutane: maɓallan Sanwa masu maƙalewa da kansu sai allo siriri, milimita 3 ko 4, don na ƙarfe aka yi su. A katako mai kauri ba sa kamawa. Ko dai ka nemi masu noti a ƙasa, ko ka yi saman da roba mai kama da gilashi ka buɗa ramin katakon da ke ƙarƙashi ya fi faɗi. Sandar ma gajera ce, sai an rarake katakon ta ƙasa inda za ta zauna, in ba haka ba ƙwallon kawai za ka gani ya leƙo.

Maman Ilham: Ni tambayata daban ce. Duk wannan wahalar da kuɗin, ba gara a sayi ɗan akwatin gem ɗin nan da ake haɗawa da talabijin ba? Kuma Abban Sadiq, ka yi tunanin karatun yaran kuwa? Waya ma ya muka ƙare da ita.

Abban Sadiq: Hajiya, gaskiyarki. Amma haɗawar ce rabin abin da nake so, kuma da babban yarona za mu yi, ya koyi riƙe mita da liƙi da dalma. Sannan akwati a falo yake zaune, ba ya shiga bargo da daddare. In na zare masa wuta shi ke nan.

Injiniya: Wannan "in na zare masa wuta" ita ce magana ta gaba, kuma a wurinmu ta fi maganar katako muhimmanci. Pi ba ya son a yanke masa wuta yana aiki. Komai nasa a memori yake, in wuta ta ɗauke yana cikin rubutu, fayil ya lalace, wata rana ka kunna ya ƙi tashi. Mu kuwa ba sai ka zare ba, za a zare maka.

Abu biyu za ka yi. Na farko maɓallin kashewa. Ka haɗa maɓalli ɗaya tsakanin fil na 5 da na 6 a jerin filoli 40 ɗin nan da ke kan Pi, ka ƙara layin dtoverlay=gpio-shutdown a cikin fayil ɗin config.txt da ke memorin. In an danna zai rufe komai cikin tsari, in an sake dannawa ya tashi. Na biyu batir a tsakani. Ni abin da na fi yarda da shi ƙaramin UPS ɗin nan na 12V da ake sa wa rauta, sai ka sauke shi zuwa 5V da ɗan allon LM2596, ka saita shi da mita zuwa 5.1 kafin ka kusantar da shi ga Pi. Kafin, na ce. Sau da yawa ba a saite suke zuwa ba.

Da zarar ka gama saita komai, ka kwafe memorin gaba ɗaya a kwamfuta. Ranar da ya lalace sai ka mayar.

Sarkin Gem: Oga, fawa bank ba zai yi ba? Kowa yana da shi.

Injiniya: Wasu suna yi, da yawa ba sa yi. Lokacin da aka kawo wuta ko aka ɗauke, sukan yanke fitarwa na ɗan daƙiƙa kafin su dawo. Waya ba ta damu ba don tana da nata batir, Pi kuwa ya mutu ke nan ya sake tashi. Gwada naka: haɗa Pi, sa caja, cire caja, ka gani. Kuma Pi 3 yana son 5V 2.5A. In ka ga alamar walƙiya a kusurwar allo, wutar ta yi ƙasa, kuma sau da yawa laifin siririyar waya ne, cajar lafiyarta ƙalau.

Ɗan Maraɗi: Ni batiran lithium masu lamba 18650 na sa a nawa, da ɗan allon TP4056 na caji.

Injiniya: Naka Zero ne da ƙaramin allo, zai ɗauka. Nasa yi lissafi. Batir mai 2500mAh a 3.7V kamar 9Wh ke nan. Pi 3 da allo da amfilifaya in suka haɗu za su doshi 8W ko 9W, ga asarar ɗaga wuta zuwa 5V. Batir ɗaya ba zai cika awa ba. Kuma duk 18650 da ka ga an rubuta masa 9900mAh ƙarya ce, na gaskiya ba sa wuce wajen 3500. A cikin akwatin katako da yara za su zauna gabansa, ba na son batir da ban san asalinsa ba, balle marar allon kariya.

Baba Mai Rediyo: Ni dai in za ku ji tawa, duk allon nan na zamani ba ya ba da hoton gaskiya. An zana wasannin nan ne don talabijin mai ƙeya. Layukan da ke tsakanin hoton su ke sa shi laushi. Ramin iyafis na Pi 3 yana fitar da hoto ma, ba sauti kaɗai ba, da waya mai baki uku za ka haɗa shi da tsohuwar talabijin inci 14. Sai dai a lura, namu tsarin PAL ne mai hoto 50 a daƙiƙa, wasannin kuwa wajen 60 suke gudu a daƙiƙa, don haka a nemi talabijin mai karɓar tsarin NTSC mai 60, in ba haka ba motsin zai riƙa tsalle ko launi ya ɓace.

Ɗan Kafinta: Baba, inci 14 mai ƙeya a akwatin da aka ce ƙarami? Zurfinta kaɗai ya fi tsawon akwatin nasa.

Baba Mai Rediyo: Na sani, ɗana. Na faɗa ne don a san abin da aka rasa. Kuma ban ce kowa ya buɗe ta ba. Bayanta akwai wutar da ta haura 20,000V, tana kuma riƙe ta ko bayan an kashe. Wanda bai koya a hannun mai gyara ba kada ya cire mata riga.

Injiniya: Akwai tsaka-tsaki. Allon tsohon iPad na inci 9.7 tsarin 4:3 ne cif, fuskarsa kamar santimita 20 da 15. Na iPad na farko da na biyu ɗigo 1024 da 768 ne, ana samun allon haɗi mai mayar da su HDMI, sai dai ka duba lambar da ke bayan gilashin kafin ka yi oda don kowanne da nasa. Masu gyaran waya a Farm Centre ko titin Beirut a Kano sukan samu matattun iPad da allonsu bai fashe ba. A kansa Street Fighter zai cika fuska, Pac-Man kuma a tsakiya zai samu faɗin santimita 11, kusan ninki biyu na wancan. Layukan da Baba ke kewa kuma manhajar buga wasannin, RetroArch, tana da masu kwaikwayonsu, zfast_crt yana tafiya a Pi 3 ba tare da ya ja ƙafa ba. Baba zai ce ba ɗaya ba ne, kuma gaskiyarsa.

Mai Solar: Ku yi haƙuri in shigo. Me ya sa kowa Pi, Pi? Dala 35 aka sa wa Pi 3 a takarda lokacin da ya fito a 2016, amma kafin ya iso hannunka da caja da memori ya zama wani abu. Tsohon akwatin talabijin na Android mai cif ɗin Amlogic S905 a ciki, ka sa masa manhajar wasanni ta EmuELEC a memori, yana buga duk waɗannan. Ya zo da cajarsa da rigarsa.

Injiniya: Ga wanda bai sayi komai ba, shawara ce mai kyau. Shi yana da Pi a hannu. Kuma akwatin Android ba shi da filolin da za ka sa maɓallin kashewa, sannan iri-iri ne, sai ka dace da fayil ɗin da ya yi daidai da naka kafin ya tashi.

Abban Sadiq: To manhaja fa? RetroPie na sauke.

Ɗan Maraɗi: Gwada Recalbox. 'Yan Faransa ne suka yi ta, ni don Faransancin na fara ɗaukarta, amma ko da Turanci ta fi sauƙin saitawa. Batocera ma haka. RetroPie ta fi ba ka damar taɓa ko'ina, abin da mai son koyo zai so.

Sarkin Gem: Duk wadda ka ɗauka, ga inda za ka sha wuya, Yaya: ka zuba wasa, ka danna, allo ya yi baƙi ya dawo da kai waje. Ba lalacewa ya yi ba. MAME, manhajar da ke kwaikwayon tsofaffin akwatunan gem, tun 1997 ake gyara ta, kuma kowane zubi da irin fayilolin da yake karɓa. Wadda ake kira mame2003 fayilolin zubi na 0.78 take so, in ka ba ta na wani zubin ta ƙi. Kada ka buɗe zip ɗin, a rufe ake zuba shi. Metal Slug kuma na na'urar Neo Geo ta SNK ne, sai ka ajiye neogeo.zip kusa da shi. Wasannin Capcom da SNK sun fi tafiya a wata manhajar, FinalBurn Neo.

Mai Solar: In ya yi kyau ka sa masa ramin tsaba ka ajiye a shago, ya mayar da kuɗinsa.

Admin: A nan zan ja birki. Wasannin nan suna da masu su har yau, Bandai Namco da Capcom da SNK da Nintendo duk suna nan suna sayar da su. Ba a tura mahaɗin sauke su a wannan zaure, duk wanda ya tura zan goge. Akwai 'yan kaɗan da masu su suka yarda a sauke kyauta daga shafin MAME, irin su Gridlee da Robby Roto, su ma da sharaɗin ba don kasuwanci ba. Da su za ka iya gwada akwatinka.

Maman Ilham: Admin ya kyauta. Ni kuma roƙona a sa abin rage sauti a inda uwa za ta kai hannu.

Baba Mai Rediyo: Hajiya ta kawo magana. Ƙaramin amfilifaya PAM8403 za ka saya, mai ɗan maƙunshin ƙara da ragewa a jikinsa, 5V yake ci, yana ba da 3W kowane gefe a sifika mai om 4. Ka fito da maƙunshin ta gaba. Kada ka haɗa baƙaƙen wayoyin sifikun biyu wuri guda kamar yadda muke yi a tsofaffin rediyo, wannan kowace sifika da nata biyun, in ka gama su zai ƙone. In ka ji yana tsiwa ko zuuu lokacin da Pi ke aiki, daga wutar da suke rabawa ne. Ka ɗauki sautin daga allon HDMI in yana da rami, ko ka sa ɗan abin tace ƙara da ake kira ground loop isolator a layin sautin.

Zafi kuma. Pi 3 in ya kai digiri 80 da kansa yake rage gudu, sai ka ga wasa yana jan ƙafa. A watan Afrilu cikin rufaffen akwati ba wuya ya kai. Ramuka a ƙasa, ramuka a sama ta baya, ƙarfen sanyaya a kan cif, da 'yar fanka mai fitar da iska. Ka sa raga ko yadi a ramukan ƙasa saboda ƙurar hunturu da kyankyasai.

Abban Sadiq: Allah ya saka da alheri, na ƙaru ƙwarai. Ga inda na tsaya: mutum ɗaya, maɓallai shida, faɗi santimita 30. Zan nemi allon iPad, na inci 7 ɗin in ajiye. Zan fito da ramin USB ta gaba, mai son karawa da ni ya sa hannun gem. Saura ɗaya: maɓallan kai tsaye zan haɗa da filolin Pi ko in sayi ɗan allon USB?

Injiniya: Allon USB, wanda ake sayarwa da sunan Zero Delay. Yana zuwa da wayoyinsa, cusawa kawai za ka yi, Pi ya gan shi a matsayin hannun gem. Filolin Pi 3.3V ne, kuskure ɗaya da 5V ka kashe fil ko Pi ɗin duka. In makunnin naka mai ƙafa uku ne, ƙafafun da aka rubuta wa COM da NO za ka haɗa, NC a bar ta. In daga baya Sarkin Gem ya ce yana jin jinkiri, ka sayi ɗan allon Raspberry Pi Pico ka sa masa manhajar GP2040-CE a madadin allon USB ɗin, ramukan katakonka ba za su canza ba.

Ɗan Maraɗi: Allon inci 7 ɗin kada ka bar shi a durowa. Juya shi tsaye, sa Zero 2 W, ka yi wa yaran nasu na Pac-Man da sanda mai huɗu. Sai ka huta da buɗe ƙasa kana juya faranti.

Sarkin Gem: Ni dai hannun gem ba zan karɓa ba. In na zo, ni ne a sanda, Yaya ya riƙe hannun.

Ɗan Kafinta: Abban Sadiq, in kayan sun iso ka turo min hoton kwalin da tef a kai, da kaurin allon tare da allon haɗinsa. Ka kuma auna daga tebur zuwa idon ƙaramin yaron yana zaune, da shi zan san yadda zan kwantar da fuskar.